Jan Akwati da Bututun Baba

Bututun ƙarfe na fara gani ran da aka sauke ni a Funtua. Yana jingine a jikin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke bakin garejin Baffa, ya fi ni tsawo, jikinsa baƙi ƙirin da tsohon baƙin mai, sai wuri guda kusa da ƙarshensa da yake ƙyalli kamar kwanon da aka goge da toka. Na tsaya da ƙullin kayana a ka ina tunanin wa yake goge wurin nan shi kaɗai ya bar sauran. Ban daɗe ba na sami amsa. Baba ya fito daga ƙarƙashin wata gingimari, ya sa sifana a kan notin taya, ya zura bututun a hannun sifanar, ya kama jikin motar, ya hau ya fara tsalle. Notin ya yi ta kuka kamar ƙyauren da ya shekara a rufe kafin ya saki. Ƙasan takalmin Baba ne yake goge ƙarfen. Da ya diro, na lura a kan ƙafar dama ya sauka, ya ɗan riƙe ta hagu a sama kafin ya ajiye ta a hankali. Sannan ya gan ni.

"'Yar boko ta iso? Yaya kika baro Innarku?"

Na sunkuyar da kai na ce tana gaishe shi. A lokacin ko Baba ba na iya kallo ido da ido, balle wani.

Iliya, kai ka sa na zauna rubuta wannan babi, amma ina so 'yan'uwanka ma su karanta. Kwanakin baya ka zo mini da wayarka kana nuna mini injunan kwance noti na zamani, masu batir, waɗanda ba su da waya ba su da tiyo. Kana ta shawara da kanka ko ka ɗauki mai ƙarfi mai nauyi, ko marar nauyin da batirinsa ya fi daɗewa. Ina jin daɗin kallonka har ka yi dariya ka ce kai dai ba za ka yi irin ta Kaka ba, da aka saya masa inji ya ƙi taɓawa don tsoro. Na tashi na shiga ɗaki. Na sha jin wannan magana a bakin 'ya'yan Baffa, a wajen biki da wajen makoki, ina haɗiyewa. Amma ban taɓa zaton ta bi ta bayan gida ta shigo bakin ɗan da na haifa ba. Ƙarya ce, kuma ina wurin aka ƙera ta.

Baffa Dauda wan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu a Ƙarfi, shi ya riƙe Baba, shi ya kai shi koyon kanikanci, kuma da ya gaji da tuƙin babbar mota shi ya buɗe garejin. Ba zan ci haƙƙinsa ba: a gidansa na zauna ina zuwa makaranta, ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma bakinsa ne yake jawo masu motoci. Aikinsa ke nan, baki. Yana da dogon benci a inuwar rumfa inda masu motocin auduga da na hatsi suke zama da shi, ga rediyo ga goro, ana ta hirar hanya da farashin taki. Hannunsa tas. Baba kuwa kusan rabin aikinsa ba a garejin yake yi ba. Mota za ta mace a hanyar Mahuta ko a wani lungun gonaki, a aiko, ya loda jak da sifanu da bututun nan da injin ba taya iska mai amfani da fetur a bayan tsohuwar a-kori-kurarsu, ya tafi. Inna tana can Ƙarfi da ƙannena tana riƙe da gona, Baba yana zuwa mata in an sami sarari.

Saboda haka ni na gaji aikin gwiwar. Kullum da yamma in ɗora ruwa, in kawo tsumma da man kaɗe, Baba ya miƙe ƙafar hagu a kan tabarma. Gwiwar takan kumbura ta yi sumul kamar gora, in na danna sai yatsana ya bar rami. Ba ya cewa wayyo, sai dai ya riƙa rera waƙar coci ta hanci, in zafin ya yi yawa waƙar ta tsaya. Akwai wani ma'aikacin asibiti da muke coci ɗaya, ya duba ta bayan sujada ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai daina hawa ƙarfen nan ba, wata rana ƙafar za ta ƙi ɗaukarsa yana sama. Baba ya yi masa godiya. A hanyar gida ya ce kada in gaya wa Inna.

A shekarar an sami auduga sosai, motoci ba su huta ba, garejin ma bai huta ba. Da zafi ya shigo sai labari ya zo cewa wani ɗan kasuwa daga Kaduna yana yawo gareji-gareji da injunan kwance noti. Wata safiya bayan addu'a ina sharar tsakar gida, na ga Baba ya je ƙofar ɗakin Baffa, ya cire hula, ya durƙusa a kan ƙafa ɗaya don ɗayar ba ta lanƙwasuwa. Na rage ƙarfin tsintsiya. Ya yi masa bayani a hankali cewa injunan iri biyu ne. Akwai na lantarki, sai an jona shi a bango. Akwai na iska, wanda ake haɗa shi da tiyo a jikin injin ba taya iska da suke da shi tuntuni, kuma shi duk inda a-kori-kura ta shiga zai shiga. Ya ce na iskar yake roƙo, saboda gwiwarsa. Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci gwiwar a gaban wansa. Baffa ya saurare shi da kyau, har ya ce ya nuna masa wurin, ya taɓa, ya girgiza kai.

"Ai da ka faɗa tuntuni, Ishaya. In mai kayan ya zo ka nuna mini wanda kake so, shi ke nan."

Na ci gaba da shara ina murna. Ku riƙe wannan: an gama magana, kuma Baffa ya yarda.

Ranar Asabar mutumin ya zo, daidai lokacin da na kai abincin rana. Abin da na fara lura da shi ƙwan lantarkin da ke rataye a rumfa yana ci da tsakar rana. Ba a kashe makunninsa, don a san in an kawo wuta, kuma sau da yawa yini yake yi a mace. Ranar kuwa, kamar da gayya, yana ci. Bencin ya cika, har da Alhaji Lawal mai motocin auduga, wanda ya fi kowa kawo aiki kuma ya fi kowa tsokana. Ɗan kasuwar ya buɗe bayan motarsa ya fito da abu biyu. Ɗaya a cikin jan akwatin ƙarfe mai mariƙi, an kwantar da shi a ciki kamar jariri, wayarsa a naɗe. Ɗayan baƙi ne, gajere, a ƙunshe cikin takarda mai maiƙo, ba shi da wani kyan gani. Ya jona jan a bango ya gwada a tayar motar Alhaji, kafin a ƙifta ido notin ya faɗo ƙasa yana juyi. Bencin ya ɗauki salati da tafi.

Daga nan ne baƙon ya yi kuskuren da ɗan gari ba zai yi ba. Ya riga ya gaisa da Baffa, ya ji hannunsa. Da ya juyo ya ga hannun Baba, sai ya bar mai gareji a zaune ya nufi ƙanensa.

"Ga mai aikin nan. Malam, kai za ka zaɓa, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Alhaji Lawal ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafa kafaɗar Baffa.

"Dauda, ashe ɗan rakiya ne kai a garejin nan? Mu muna ta gaishe ka da maigida."

Kowa ya yi dariya, har Baffa. Amma ni ina tsugune kusa da ƙafarsa ina buɗe kwano, na ga ya daina tauna goro, na ga babban yatsan ƙafarsa yana danna takalmi. Baba ya yi abin da aka ce ya yi a waccan safiyar: ya matsa ya ɗora yatsu a kan baƙin injin, ya dubi wansa.

"Ɗauke hannunka," in ji Baffa. "A ba mu jan."

"Yaya..."

"Ka ce wani abu ne?"

Baba ya dubi bencin, ya dubi ƙasa.

"A'a, Yaya. Allah ya sa albarka."

Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana shi magana. A wurinmu, Kirista da Musulmi duk ɗaya, ƙane ba ya mayar wa wansa magana a gaban baƙi, balle wan da ya riƙe shi. In akwai gyara sai an shiga gida. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba, ni ma a kanta na tarbiyyantar da ku. Amma al'adar tana da ɗaya gefen: wan da aka rufa wa asiri a waje, shi ma ya kamata ya rufa wa ƙanensa. Baba ya riƙe nasa gefen. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne duk wanda ke kan bencin nan ya san babu turken lantarki ko ɗaya a hanyoyin da motocinsu suke macewa. Alhaji Lawal ya fi kowa sani, don motocinsa ne suka fi kwana a hanyar Mahuta. Da mutum ɗaya a cikinsu ya ce, cikin raha, a haɗa da baƙin ko a sake dubawa, da Baffa ya sami ƙofar fita ba tare da kunya ba. Babu wanda ya ce. Suka yi ta shafa jan akwatin suna cewa wannan shi ne na manya. Ɗan kasuwar ya naɗe baƙin a takardarsa ya mayar bayan mota, na bi shi da ido har ya rufe.

Yanzu ga maganar tsoro. Da idona na ga Baba yana aiki da jan injin, ba sau ɗaya ba. Da zarar ƙwan nan ya kama, zai bar abin da yake yi ya ɗingisa da sauri ya ɗauko akwatin. Wayar ba ta kai gindin bedi inda manyan motoci suke tsayawa, shi ya ƙara mata wata ya naɗe mahaɗin da robar tsohon tub ɗin taya. Yana aiki da shi yana waƙa, kuma waƙar ba ta tsayawa. Sai a tsakiyar taya ƙwan ya yi ja ya mutu, ya tsaya da injin a hannu yana kallon sama, sannan ya mayar da shi akwati ya nufi bututu. Sau biyu na ji ya sake durƙusawa a ƙofar ɗakin Baffa yana roƙon a aika Kaduna a musanya. Na farko Baffa ya ce mutane za su ce bai san abin da yake yi ba. Na biyu ya ce zai sayi janareto in an sayar da hatsi. Daga baya ma ya kwashe akwatin ya kai ɗakinsa, wai ƙarin wayar nan zai ƙona masa kaya. Sai in an yi baƙi a ce in ɗauko, a buɗe, a kalla, in mayar. Nauyinsa har yau yana hannuna.

Cikin marka abin ya faru. Da safiyar gwiwar ta tashi sosai, a tsaye Baba ya yi addu'a yana dafe da bango. Aka aiko cewa tayar motar Alhaji Lawal ta fashe gaba da Mahuta, da kaya a kanta. Ina shirin makaranta na bi ta garejin in karɓi kwanon jiya, na tarar yana loda kaya. Na ga ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin, don ya riga ya saba, ko da yake ko yana ci ba abin da zai yi masa a inda za shi. Ya jefa bututun a bayan mota ya ce in gaishe da malamai.

Direban motar, Malam Garba, shi ya ba Inna labari daga baya, yana yi yana share ido. Ana yayyafi, takalman Baba sun ɗebi laka, notocin sun ci tsatsa. Ya kwance wasu da ƙyar. Ya hau wani da ya ƙi, ya yi tsalle, ya sake, sai gwiwar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ƙafar ta zame daga wurin nan mai ƙyalli, ya faɗo da ƙugu a kan ƙarfen tayar da aka ajiye a ƙasa. Malam Garba da wasu manoma suka ɗauke shi zuwa asibiti a Malumfashi. Ƙashin ƙugun ya karye. Ya daɗe a kwance, daga can aka wuce da shi Ƙarfi. Kakan da kuka sani da sanda, mai tafiya yana jan ƙafa, mai gyaran keke da fitila a ƙofar gida, ranar aka yi shi. Kafin ranar mutum ne da ake aikowa a ɗauka daga garuruwa.

Ni aka bar ni a Funtua saboda makaranta, ina ci gaba da kai abinci gareji, don Baffa ya ɗauki wani bakanike. A gabana labarin ya yi ta sauya kama. Da farko Baffa yana cewa tsautsayi ne, kuma na ga ya yi kuka na gaske ran da aka kawo labari. Da masu jaje suka fara tambaya ina injin da aka saya, sai ya fara cewa ya sha gaya wa Ishaya ya riƙa amfani da shi. Bayan ɗan lokaci ya zama Ishaya tsoron lantarki yake yi, ƙauyanci bai sake shi ba. Kafin a girbe dawa an kai ga cewa Ishaya ne ya zaɓi injin da kansa a gaban jama'a, sannan ya ƙi taɓa shi. Alhaji Lawal yana zaune yana gyaɗa kai yana cewa ƙwarai, a gabansa aka yi. Ni kuwa ina tsugune ina buɗe kwano. Ba wanda yake rage murya don yarinyar da ba a taɓa jin muryarta ba.

Da aka yi hutu na je gida na gaya wa Baba duka, ina shafa masa man kaɗe. Inna tana daka a gefe, na ji taɓaryar ta ƙara nauyi. Baba ya gyara ƙafar ya ce:

"Bar shi, Saratu. Wana ne. Da bai faɗi haka ba, da me zai kwana?"

Na gane abin da yake nufi, amma ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. An karɓe masa ƙafa, an karɓe masa sana'a, sannan a ce ya ba da sunansa ma don wani ya sami barci.

Don haka, Iliya, sayi duk wanda hannunka ya zauna da shi, wanda zai bi ka har inda mota ta mace, ka haɗa da batir na biyu. In kuma wani ne zai riƙa aiki da shi, ku shiga daga ciki ku yi shawara ku biyu, kada ka zaɓa a gaban 'yan benci. Kuma kada in sake jin ka ce kakanka ya ji tsoron inji.

Kun sha tambayata abin da ya sa ban ƙarasa makaranta a Funtua ba, sai daga baya na ƙarasa a Malumfashi da wahala, da abin da ya sa ba ku san cikin gidan Baffa ba. Ga dalilin. A cikin hutun nan, wata Lahadi bayan sujada, Baffa ya zo Ƙarfi duba Baba. Dattawan coci suka rako shi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da Baba aka jingina shi da bango. Ashe Baffa ya taho da jan akwatin a mota. Ya sa aka ɗauko, ya buɗe a tsakiyar dattawa, ya ce su gani da idonsu, sabo fil, ga abin da ya saya don ya hutar da ƙanensa, amma mutum in ya ƙi ji ba yadda za a yi da shi. Dattawan suka leƙa, suka jinjina kai. Ɗaya daga cikinsu ya juya ya fara yi wa Baba nasiha a kan taurin kai, da taushin murya, irin ta masu ziyarar marar lafiya. Baba yana kallon tabarma yana cewa na gode.

Ni na kawo ruwa. Na durƙusa na ajiye kwanon a gaban Baffa kamar yadda aka koya mini, amma ban tashi ba. Ina jin Inna daga bakin zaure tana kiran sunana ƙasa-ƙasa. Baffa ya dube ni da mamaki, ya ce wa dattawan wannan ita ce 'yarsa da ba ta magana, ya tambaye ni ko akwai abin da nake so. Na ɗaga kai na kalle shi, karo na farko tun da na san shi.

"Baffa, roƙo nake yi. In za ka koma, ka tafi da ni da akwatin nan, mu bi ta hanyar Mahuta. Ni zan ɗauka. Ina so ka tsaya a inda Baba ya faɗi, ka nuna mini wurin da ya kamata ya jona shi."